Kaza da 'Ya'yanta a Aberdeen

Ƙarfe uku da rabi a Aberdeen
rana ta naɗe tabarmarta.
Mudassir ya fita makaranta cikin duhu,
cikin duhu ya dawo,
ya ce, "Baba, a bar min fitila har safe."
Uwarsa ta dubi mita, ta dube ni.

Takardar haya ta ce
ban da ƙusa a bango, ko guda.
To, abin da bango ya ƙi,
gado ya ɗauka.

Tsohuwa Geddes ta ƙasan bene
tana da ƙyauren rumfar mijinta,
shekara huɗu a jingine bayan gida,
ruwa na dukansa, tsuntsayen teku na yi masa zane.
Na tambayi kuɗi. Ta ce in ɗauka kawai,
amma in cire mata sakatar,
wadda hannunsa ya shafa har ta yi sheƙi.

Mako biyu, in na ajiye bas,
sai in hau shi da samfefa.
Koren fenti, ƙarƙashinsa shuɗi,
ƙarƙashin shuɗin wani fari da ya tsufa,
kamar mutumin garin nan da rigunansa uku.
Sai ga katako tsirara, da ƙamshinsa.

Ni ba kafinta ba ne, ɗan tela ne.
Na auna sau biyu, yadda mahaifina ke auna yadi,
duk da haka zarto ya cuce ni faɗin yatsa.
Na juya gefen wajen taga. Wa zai leƙa?

Na ɗauki fensir, na rufe ido,
na hau rufin soronmu a Gumel.
Ga Zara matar wata can gefe da yangarta,
ga Kaza da 'ya'yanta a dunƙule.
Inda na tuna, na ɗiga.
Inda na manta, na ƙaga.

Injin huda na Nafi'u ne, aro,
ya yi ta gurnani har garin katako ya rufe kafet.
Sau ɗaya hannuna ya goce,
rami ya fito inda ba a gayyace shi ba.

A bayan ƙyauren na shimfiɗa igiyar ƙananan ƙwayaye,
fam goma sha ɗaya,
na manne da gam, na ɗaure shi a gado da noti huɗu.
Na tara gida. Na yi bisimilla. Na danna.

Ko ƙyas.

Barira ta toshe baki da mayafi,
kafaɗunta na rawa.
Ashe jar waya na kai gidan baƙa,
baƙar kuma gidan ja.
Na sauya musu masauki, ina gumi a watan Disamba.

Sai ɗakin ya yi sama.

Yaro ya hau gado da gwiwa yana ƙirga.
"Malamarmu ta ce bakwai ne.
Naka takwas."
Na buɗe baki zan tona asirin injin,
sai ya ɗora yatsa a kan ɓatacciyar,
haske ya ratsa farcensa, ya yi ja.
"Wannan ta yi nisa da uwar."
Na ce, "Ta yi.
Amma da ita ake ƙirga."

Yanzu in zan fita motar farko, huɗu da rabi,
nakan tura ƙofarsa kaɗan.
Ƙafa ɗaya waje da bargo,
kaji takwas na kiwo bisa kansa.
Barira har yau tana tsintar garin katako,
tana tuna min kuɗin ajiyar haya.

Ran Lahadi tsohuwa Geddes ta hau,
matakala goma sha huɗu, da sandarta.
Ta daɗe a tsaye ba ta ce komai ba.
Can ta shafa gefen da zarto ya cuta,
ta ce duk tsawon rayuwarsa
ƙyauren nan bai taɓa rufuwa daidai ba.