Rabin Me?

Takwas na safiyar Talata,
aji a saman bene, fanka ta mutu tun bara.
Na rubuta a allo da guntun alli:
kwanon gero a Dawanau naira dubu biyu,
ya hau da rabi, ya sauko da rabi.
Nawa yake yanzu?

Baki ɗari da goma, amsa ɗaya:
"Dubu biyu, Malam!
Abin da ya hau ai shi ya sauko."
Nafi'u ko wayarsa bai taɓa ba,
ya ce wannan ba ta kai a danna mata kalkuleta ba.

Kowannensu da kiredit ɗinsa na lissafi.
Sun iya warware baƙaƙe da lambobi
kamar mai sagale hula a ƙusa cikin duhu,
amma ka sa wa lamba rigar kasuwa
sai su wuce ta ba gaisuwa.

Can baya, gefen tagar da ba gilashi,
Barira, mai makara kullum
don sai ta sauke wa gyatumarta kulolin waina a Kabuga,
ta ɗaga yatsa mai maiƙo:
"Malam, rabin me?"

Aji ya kwashe da dariya.
Ni dai allin ya tsaya a hannuna.

Ta ce, "Rabin farko na dubu biyu ne, an kai uku.
Na biyun kuwa a jikin ukun aka yanka.
Saura dubu da ɗari biyar.
Inna ta ce kada in yi murna da ragi
sai na san daga inda aka rage."

Shekara goma sha ɗaya ina hawa benen nan
da jadawali, da zane, da takardun da na buga da kuɗina,
abin da nake son su fita da shi ke nan:
in rediyo ta ce kashi saba'in cikin ɗari,
su ce na su wa, wa ya ƙirga, yaushe;
in mai ba da rance ya ce ɗan kaɗan ne a wata,
su lissafa watannin.

Da lokaci ya cika na goge allon kaf,
na bar kalma biyun nan a kusurwa.
Ranar Alhamis na tarar da su,
wani ya ja musu layi a ƙasa.