Yoyon Ɗakin Baya

Sun aiko a kira ni, wai rufin coci na yoyo.
Duk tsibirin Lemuy ba sauran kafinta
mai jera katako kamar ɓawon kifi
sai ni, Eladio, ɗan Cárcamo mai kwale-kwale.
Na ce to. Bakina ne ya ce, ƙafata ba ta ce ba.

Shekara arba'in da shida ina kewaye ginin nan
kamar mai miki a tafin ƙafa yana kauce wa tsakuwa.
Lahadi in raka Nolfa har bakin shinge,
in ce dankali na jira na a gona.
Dankali bai taɓa jiran kowa ba.

Yoyon ba a kan bagade yake ba.
Yana ɗakin baya, ma'ajiyar kyandir da rigunan Fada,
inda malamin katikisma kan ce,
"Kai tsaya, sauran ku tafi."
Shekarata goma sha ɗaya. Na haddace addu'o'in duka.
Bayan nan ya ba ni alewa.
Na karɓa.
Alewar nan na rataya a wuya har gashina ya yi fari,
ina cewa ai wanda ya miƙa hannu ya yarda.

Kafin in daina shiga, na furta satar tuffa,
na furta zagin maƙwabci,
wannan ɗaya kuwa na haɗiye shi da ƙayarsa.
Na zaci in na buɗe baki
Mutumin kan gicciye zai kau da kai.

Ran Talata na hau tsani.
Na ɓamɓare ruɓaɓɓen katako, ɗaya, biyu, goma,
sai haske ya faɗa ɗakin kamar an kifar da bokiti.
Ashe ɗan ƙarami ne.
Taku huɗu a taku uku, na auna.
A kaina ya fi teku faɗi.

Jikana Amaro na ƙasa, yana miƙo mini ƙusa,
majina a hanci, igiyar takalmi a kwance,
yana gardama da wani tsuntsun teku.
Sha ɗaya shi ma, tun watan shuka.
Na dube shi, na nemi laifin da zan ɗora wa wuyan nan
siriri kamar kan cokali.
Na nema. Wallahi na nema.

Guduma ta suɓuce mini.

Ya Yesu, kai ma kafinta ne, ka san ƙusa ciki da bai.
Gaya mini, yaushe aka tuhumi katako
don ramin da aka huda masa?
An tuɓe ka a gaban jama'a, ba kai ka ji kunya ba har abada.
To wannan kayan ba nawa ba ne,
dako na yi, ba ko sisi.

Mai kayan na kwance bayan coci, furanni a kansa.
Ban yafe ba tukuna.
Kada ka gaggauta ni. Ɗanyen itace ba ya riƙe rufi.

Da dare na gaya wa Nolfa, a gaban murhu.
Ta ajiye ulun da take kaɗi.
Ba ta ce me ya sa sai yanzu ba.
Ta ce, "Yaro ne kai,"
ta sake faɗa, ta sake,
har kifin da ke wuta ya ƙone.

Na gama rufin ran Asabar, ban da gurbi ɗaya.
Can na sa gilashi.
Fada Belisario ya ce, wa ya ce a yi taga?
Na gaya masa dalili, tsaye, hula a kai.
Bai yi wa'azi ba. Ya zauna a kan matakala,
ya daɗe, sannan ya ce, "Akwai wasu?"
Na ce akwai.
Ya tashi ya ɗauko takarda.

Gobe Lahadi. Ban san ko zan shiga ba.
Amma na goge takalmina.