Buhu Mai Dawisu

A kasuwar Jega, layin 'yan shinkafa,
rumfata ce ta huɗu in ka shigo ta gabas.
Buhu biyu na jingina gefen benci:
ɗaya fari fat, ko ɗigo babu,
ɗaya dawisu ya baje jela a kansa,
da rubutun da ni kaina ban iya karantawa.

Matso in faɗa maka a kunne.
Inji ɗaya ya cashe su ranar Laraba,
fadama ɗaya, ta Nomau, can bakin gulbi,
jan-bakin da ya ci wannan shi ya ci waccan.
Dawisun kuwa, wani yaro ya zana mini a waya,
na biya shi kuɗin kati da lemon sha,
ko tsuntsun bai taɓa gani ba tun haihuwa.

Farin buhu, sai an yi ciniki har da rantsuwa.
Mai dawisu na ɗora ɗari biyar a kwano,
ba mai tankawa.

Hajiya Tumba ta sauko daga mota,
ta damƙi ta farin, ta murza, ta hura,
ta ce, "Wagga ai tsakuwa ce zalla."
Ta damƙi ta dawisu, ta kai hanci,
ta lumshe ido: "Ka ji abu!
Wagga ta ƙetaro teku, ba tambaya."
Ban ce e ba, ban ce a'a ba,
na ce, "Hajiya, ido ba mudu ba, ya san ƙima,"
na kira yaro ya yi ɗaurawa.

Shekara shida sun koya mini karatu.
Ka ce saura biyu, mai sauri zai tsaya.
Ka ajiye na uku mai tsadar hauka,
ba don a saya ba, don na tsakiya ya yi kyau.
Da damina ɗaya na karya farashin dawisu,
sai layi ya watse,
ana raɗa, "Mi ya same ta? Ko ta fara ruɓewa?"

Malam Jabbi na firamare yakan auni ta farin,
ya jira har rumfa ta yi shiru,
ya ce, "Arzika, babu wani wofin buhu?
Gidan surukai za ta."
Nakan ba shi, ban kallon fuskarsa,
shi ma ƙasa yake dubawa.

Sai ga Nomau da kansa, jajibirin sunan jika,
faso a dugadugai, laka ba ta gama fita ba.
Ya nuna dawisu da sandarsa.
Nan harshena ya yi nauyi.
Na ce, "Baba, tsaya. Taka ce.
Kai ka dasa ta, kai ka kore mata tsuntsu,
ni buhu kawai na yi mata."

Ya zuba ƙwaya uku a tafin hannu,
ya ciza ɗaya, ya yi murmushi.
"Yaro, ɗiyata za ka nuna mini?
Tun daga bakin layi na gane ta.
Amma masu zuwa suna ba ƙwaya suka kallo ba.
In sun ga farin buhu a zaure,
cewa za su yi Nomau ya kasa.
Auna. Kuma kar ka rage mini ko sisi,
za a tambaye ni nawa na saya."

Na ƙirga kuɗinsa, suna warin gulbi.
Ya ɗora gonarsa a ka, ya yi gaba,
dawisu na lilo a bayan wuyansa.

Da yamma kaina ya ɗau ciwo.
Na biya kemis ɗin Ige, ya miƙo mini ƙwaya
a farar leda, babu suna.
"Duk ɗaya ne," in ji shi, "wannan ya fi sauƙi."
Na juya ta, na sake juyawa.
Na ce, "A'a, ba ni mai jan kwalin nan,
shi ne ke ji na."