Daren da Wuta ta Ɗauke

Shekara talatin da ɗaya ina murɗa maɓallai
a wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa a Valparaiso,
inda gishirin teku ke cin wayoyi
kamar yadda gara ke cin azara.
Na iya shafa wa murya mai.
Na iya ɗinke numfashin da ya yage,
ba mai ganin zaren.

Nahuel ya zo ran Talata,
ɗan shekara ashirin da biyu, idonsa na ƙyalli,
ya ce, "Don Eliodoro, ƙara mata ganga."
Na ƙara. Ya ce goge. Na jera goge goma sha biyu.
Ya ce ƙaho, ya ce amsa-kuwwa,
ya ce muryoyin mata su taso daga baya.
Hawa arba'in muka yi wa waƙar,
bene kan bene, kamar gidajen tudunmu
masu fenti ja da shuɗi da ruwan ɗorawa,
waɗanda baƙi ke ɗauka hoto
ba su tambayi ko akwai mai kwana ciki ba.

Sai wuta ta ɗauke.

Fankar na'ura ta yi tari, ta yi shiru.
Na ce, "To, rera mini ita haka, ba riga ba hula."
Ya rera.
"Zo, masoyiya, daren nan namu ne."
Sau goma sha huɗu na ƙirga,
shi da kansa ya tsaya kafin ƙarshe.
Ashe miya muka yini muna zuba wa yaji,
tukunyar ba ko ƙashi.

Can a matakala Ermelinda mai shara
tana jiran haske, tsintsiya a hannu,
tana waƙa ƙasa-ƙasa don kada duhu ya yi mata yawa.
Murya a dishe, tana kauce wa kari,
haƙora biyu babu, iska na fita ta giɓin.
Ita ta tsara abarta, shekarar da kwale-kwalen mijinta
ya dawo shi kaɗai:

"Takalmanka na roba suna bakin ƙofa.
Kullum da safe nakan juya su su kalli ɗaki,
don in maƙwabta sun gani
su ce ka dawo."

Ke nan. Ba ta ƙara ba.
Na ji Nahuel ya ja hanci.
Ni kuma hannuna ya tafi laluben maɓalli cikin duhu,
sabo turken wawa,
sai na mai da shi aljihu.
Me zan ƙara mata? Ganga? A wane gurbi?

Ƙarfe tara wuta ta dawo,
fitilu suka kama, kore da ja, kamar ba su yi laifi ba.
Ya ce, "Goge."
Na ce, "Mu ƙara goge?"
Ya ce, "A'a. Goge ta duka."

Wata biyu ban gan shi ba.
Da ya dawo, takarda ɗaya ya kawo,
ta sha ninki, gefenta da tabon shayi.
Layi takwas a kan ubansa,
mai sauke kaya a tashar jiragen ruwa,
wanda har yau a tsaye yake cin abinci
domin jiniyar aiki ba ta taɓa barinsa ya gama ba.
Layi biyar sun tsaya da ƙafarsu.
Biyu na ɗingishi. Ɗaya ƙarya ne, na gaya masa,
ya yi fushi, ya fita, ya dawo ya soke shi.
Jita ɗaya muka sa. Na bar ƙarar kujerarsa a ciki.

Ban raina na'urorina ba, su ke ciyar da ni.
Amma gishiri ne, ba a cin sa shi kaɗai.

Na roƙi Ermelinda ta tsaya gaban makirufo.
Ta ce waƙarta ba ta sayarwa ba ce,
kuma in ɗaga ƙafa,
ba ta share nan ba tukuna.