Kofin Zaƙi a Madurai

Mako goma sha ɗaya kacal,
cikin ko tasawa bai yi ba,
amma nas Jeyarani ta ce yau ne gwaji.

Poongodi ta baro kwandon furanni
hannun maƙwabciya, bakin haikali,
ta zo da yunwar daren jiya.

Aka ɗibi jini, aka miƙo kofi.
Zaƙi har maƙoshi.
Ta runtse ido ta shanye.
"Awa biyu. Kada ki tashi."

Ta zauna tana lissafi.
Ɗan farinta, kilo huɗu da rabi,
sai da wuƙar likita.
Uwarta, ciwon sukari
ya ci mata yatsun ƙafa biyu.

Fanka na juyawa da kasala.
Yatsunta da suka saba kitsa fure
suna kitsa iska a cinya.

Allura kuma. Sai takarda.
"Ya ɗan hau," in ji nas,
"amma tun da safe muka kama shi.
Rage shinkafa. Ki taka bayan abinci."

Rage shinkafa, a Madurai!
Ta yi dariya har da hawaye.

A hanya ta wuce mai alewa
kamar ba ta san shi ba,
ta tsaya wajen mai gero.