Bashin Buhu

Ladan ya yi kira, kunne ya ji,
zuciya ta miƙe tun ɗazu,
ni ne dai na rage a tabarma
ina lallashin baya.

Sai in mirgina gefe, in dafa bango,
in kira gwiwar dama da sunanta.
Ta hagu ba ta amsa sallama
sai an shafa mata man kaɗanya.

Shekara talatin da ɗaya
a kasuwar albasa ta Aliero
ni ke cika tirela.
Buhu biyu nake saɓawa in hau katako,
Nomau na ƙirga, direbobi na tafa mini,
ana cewa Barmo ba ƙashi gare shi ba, ƙarfe ne.
Na ji daɗin wannan ƙarya.

Ashe baya akawu ne,
bai taɓa ɓatar da littafi ba.
Kowane buhu ya rubuta,
har wanda na ƙara don Ige ta gani
ran da ta wuce da fura a ƙwarya.

Yanzu ya zo karɓar kayansa.
Ba ya faɗa, ba ya tashi,
ya shimfiɗa buzu a ƙuguna
kamar mai bin bashin da ya san
ba ka da wurin ɓuya.

Takalmin da ke ƙasa ya yi mini nisan Jega.
In carbi ya faɗi, in dube shi, ya dube ni,
mu jira yaro ya zo wucewa.
Rabona da yanke farcen ƙafa da hannuna
tun kafin a yi wa garin nan sabuwar hanya.

Na je wurin Arzika maɗori.
Ya latsa, ya saurara, ya girgiza kai:
"Mu karaya muke ɗorawa, Barmo.
Naka bai karye ba, gajiya ya yi,
ba a kuwa ɗaure gajiya da kara da igiya."

Wanzami ya kafa ƙaho, jini ya fita, ciwo ya zauna.
A asibitin Birnin Kebbi wata mai farar riga
ta ce in riƙa kwanciya rigingine
in jawo gwiwa zuwa ƙirji sau goma.
Ina yi, amma sai na sakaya ƙofa.
Ige ta leƙo ran nan ta ce,
"Wa ya birkice mini kunkuru a ɗaka?"
Ciwo bai bar ni na ƙarasa ba,
ita ta ƙarasa mana dariya.

Wadda ta fi ci mini rai sujada ce.
An ajiye mini kujerar roba
can ƙarshen sahu, jikin taga.
Goshin da ya saba da ƙasa
yanzu a iska yake tsayawa.
Liman ya ce Allah Ya san abin da ke ƙugu.
Na yarda. Amma ranar farko
ban ɗaga ido ba don kunya.

Da la'asar in Tumba jikata ta dawo,
sai in kwanta rubda-ciki, ta tuɓe takalmi,
ta hau, ta taka daga kafaɗa zuwa ƙugu,
hannu a bango, baki na bitar hadda.
Ƙashi ya ce ƙas, ta ce, "Tsoho, na fasa ka?"
In ce taka dai, uwar ɗakina.
Duk kayan da bayan nan ya ɗauka
ke kaɗai ce ba a biya ni lada ba,
ke kaɗai ce kuma in kin sauka
nake jin ƙanshin lafiya.

Ran kasuwa na bi ta wurin lodi da sandata.
Ɗan Hakilu ya sunkuya, ƙafa a miƙe,
zai fizgi buhu.
Na ce durƙusa, ɗana, bar wa cinya aikinta,
kuma ɗaya bayan ɗaya.
Ya ce to, Baba.
Kafin in gama juyawa,
don yanzu juyawa ma tafiya ce,
na ji ana tafi.
Ya ɗora na biyu a wuya.