Teku a Ɗakin Jira

Ni Nomau ban taɓa ganin teku ba.
Iyakar ruwana Madarumfa,
sai gulbi in damina ta yi albarka.
Amma ga ni bawan wani ɗan teku
mai kamu huɗu, cikin gilashi,
a ɗakin jiran Likita Tsahiru, unguwar Zariya.

Murjani ne ciki, wai mai rai,
daga Kwatano ya zo bisa buhunan shinkafa.
Kifi biyu masu ja da fari,
da wani shuɗi mai tsoron inuwata.

Duk Asabar bido uku nake kwasa,
bido uku in haɗa sabo.
Gishirin ba na Balma ba ne,
aunawa ake kamar maganin jariri.

Ran nan likita ya shigo da na'ura:
"Nomau, bayanka ya huta.
Ita za ta tace, ta tara dauɗa a kofi,
sai wata-wata mu canza ruwa."
Jika ɗari da hamsin. Na yi shiru.

Gaskiya ta yi aiki.
Da safe kofi ya cika da kumfa mai ɗoyi,
ruwa ya yi garau,
har masu jiran allura suka manta da allura.
Asabar uku na kwana bayana a miƙe.

A ta huɗu murjanin hagu
ya fara furfura daga kai.
Ba dauɗa, ba wari. Fari kawai.

Na tuna garkar babana a Jiratawa:
ka nome ciyawa kullum, ƙasa ta yi fes,
in ba ka kai taki ba
albasa ta fito kamar ɗan yatsa.
Rariya ɗauka ta sani,
ba ta san mayarwa ba.
Abin da murjani ya shanye a ruwa,
wace na'ura za ta amayo shi?

Na gaya wa likita. Ya gyara tabarau,
ya daɗe yana kallo kamar hoton ƙashi.
"To, mu raba," in ji shi.

Yanzu bido biyu, duk Asabar biyu.
Na'ura na gurnani in akwai wuta.
In an ɗauke, ni ne na'ura,
da ludayi, har asuba.

Tsohon ruwan bayan katanga nake zubarwa.
Wurin ya yi fari, ko ƙarangiya ba ta tsira.
Awakin maƙwabta kan zo da yamma
su lashi tekun
da ni da su ba mu taɓa gani ba.